Dutsen da Ke Ƙofar Coci

Kakuri, Kaduna

Zuwa ga aminiyata Tabita,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Yesu Ubangijinmu. Yaya jiki, yaya ƙafafu, yaya kunnen nan naki da ya ƙi ji? Yaya ɗanki da matarsa Favour da yara? Yaya damina a Zonkwa, ina fata citta ta yi kyau bana. Ni dai da sauƙi, ban da kwankwason nan da kika sani.

Rifkatu ce, matar marigayi Ishaya na masaƙa. Na faɗi haka ne saboda Favour da za ta karanta miki, ita ba ta san ni ba. Hafsat maƙwabciyata mai ɗinki ce take rubutawa, ni ina faɗa. Da waya zan kira, to an ce ko an kara miki a kunne ba kya ji, shi ya sa na ce a yi takarda a ba Friday direba, tunda yana bin hanyarku.

Ke Tabita, albishirinki. An gama sabon coci. Ba za ki gane wurin ba. An rushe namu na da, an yi wani mai bene, ƙasa duk tayil, in ba ki yi hankali ba santsi ya kwashe ki. Amma kin san abin da aka bari? Dutsenmu. Injiniya ya ce kyansa ya wuce a jefar da shi, sai ya sa shi a jikin bango daidai ƙofar shiga. Duk ran da na wuce sai na shafa shi.

Muna da sabon fasto, Fasto Jonathan. Yaro ne, bai kai ɗanki ba, amma akwai baki. Yana haɗa wani ɗan littafi na gajerun labarai, irin waɗanda mai wa'azi yake jefawa a tsakiyar wa'azi don kada mutane su yi gyangyaɗi. Misalai yake ce musu. Wai za a raba wa masu bishara na ƙauyuka. Kashi na farko a kan ɗoki ne, ɗoki ga aikin Ubangiji. Aka ce masa in ɗoki yake nema ya je wurin Mama Rifkatu, ita ce ko mai gadi bai buɗe ƙofa ba tana tsaye da tsintsiya.

Ya zo har ɗakina. Ya zauna a 'yar kujerar Ishaya, ya sha kunun da na ba shi, ya ajiye waya a kan gwiwarsa ya ce za ta ɗauki maganata. Ya kira ni Mama, ya ce in faɗi komai.

To na faɗa. Na ba shi labarin rumfar zana da muke sujada a ciki, yadda in ruwa ya sauko muke waƙa da kwano a ka. Na gaya masa yadda aka haƙa ramin tushe, magini ya ce in ba a cika shi kafin damina ba zai rufta. Mazanmu suna masaƙa, wani na safe wani na yamma, sai mu 'yan Zumuntar Mata muka ɗaura ɗamara muna zuwa bakin kogi da kwanoni muna kwaso yashi da duwatsu. Kin tuna waƙar da muke yi a hanya? Ni na tuna muryar amma kalmomin sun gudu.

Sai na zo kan dutsen. Wannan faffaɗan da magini ya ce shi yake so a kusurwa, maza suka ce a bari sai an samo amalanke. Ni kuwa jikina yana rawa, na ga hadari yana haɗuwa, na ce ba zan jira ba. Ke kika naɗa mini gammo da ɗankwalinki. Wajen ɗora mini ne ya danne miki babban yatsan hagu, farcen ya fita, bai kuma sake tsirowa ba. Muka taho, kina tafe kina zagina kina riƙe da yatsa. A kan layin dogo ƙafata ta zame, ya sauko mini a kwankwaso. Na gaya masa yadda kika yi ta ihu, da yadda muka ƙarasa da shi muna mirginawa, ni da rarrafe. Tun ranar nake jan ƙafa. Ishaya ya yi fushi har ya ƙi cin tuwona, daga baya kuma shi yake gasa mini wurin da ruwan zafi.

Tabita, yaron nan har da share ido. Ya ce wannan labarin shi zai buɗe sabon coci da shi.

Da muka gama, hira ta yi daɗi, sai na ba shi wani na dariya. Bara na kwanta zazzaɓi mai tsanani, kwanaki suka rikice mini. Kin san ni ba kalanda nake dubawa ba. In na ji lasifikan masallacin Makera suna huɗuba, na san Juma'a ce, gobe Asabar, jibi coci. To ina kwance na ji huɗuba, ashe Sallah ce ta faɗo ran Alhamis. Ta Juma'ar kuwa, barcin zazzaɓi ya hana ni ji. Na ƙirga abina. Ga marmarin coci ya ishe ni. Na yi wanka da asuba, na ɗaura zanen Zumunta, na ja ƙafa na je na yi ta buga ƙofa. Mai gadi ya fito ya ce Mama, yau Asabar. Muka yi ta dariya da Fasto har ya ƙware.

Ki zo, don Allah ki zo. Lahadin farko bayan an fara cin sabuwar masara za a buɗe. Za mu kwana a gado ɗaya kamar da. Ina so in an kira sunana ki tashi tare da ni, don da yatsanki a ciki. Har na ba Hafsat sabon zanen Zumunta ta kafe mini bakinsa.

Ki gaida kowa da kowa. Ubangiji ya kiyaye.

Taki har kullum,
Rifkatu


Kakuri, Kaduna

Zuwa ga Tabita,

Gaisuwa a cikin Ubangiji. Yaya jiki, yaya gida, yaya Favour da yara? Friday ya ce ya ba da takarda hannu da hannu. Na yi ta duban hanya ban gan ki ba. Na ji haushi a lokacin. Yanzu kuwa na gode wa Allah da ba ki zo ba.

Hafsat ta ce in bari sai na huce. Na ce ta rubuta kawai.

An buɗe coci. Mutane har kan titi, an kafa rumfuna, motocin masu kuɗin Barnawa sun tare hanya, ko keke napep ba ya wucewa. Mu 'yan Zumunta an ba mu layi na uku. Ni na riga kowa zuwa, na share gaban ƙofa, ko da yake an ɗauko masu shara na haya. Na ga an rufe saman dutsenmu da farin ƙyalle. Na ce a raina, to, har da wannan? Ban iya cin komai ba tun safe.

Kin san Dattijo Isaac? Ba za ki san shi da girma ba. Ɗan Keziya ne, wadda mijinta ya zo daga baya ya zama babba a ɗakin rini na masaƙa. Yanzu ɗan kwangila ne, shi ya yi rufin sabon coci da tayil ɗin duka. Yana zaune a gaba da iyalinsa.

Fasto ya hau bagadi ya ce ɗoki iri biyu ne, kuma zai ba mu labarin mata biyu. Ya fara na farko. Tabita, ya iya. Ya fi ni iya faɗa. Rumfar zana, kwano a ka, hadari, amalanken da ba a jira ba, layin dogo. Coci ya yi tsit, har kukan fanka kike ji. Wasu mata suna hawaye. Ya ce wannan mace ba ta jira maza ba, ba ta jira gobe ba. Ya ce yau za mu girmama ta.

Na dafa bencin gabana, na gyara zane, na fara miƙewa. Kin san tashina ba ya sauri.

Sai ya ce Mama Keziya, mahaifiyar Dattijo Isaac, wadda take hutawa wurin Ubangiji.

Ina rabi a tsaye rabi a zaune. Na ɗauka kunnena ne. Uwar Zumunta ta ja mini zane ta baya ta ce in zauna ina tare wa mutane. Aka yi ta tafi, aka buga ganga. Isaac ya rufe fuska da hankici yana kuka. Aka fita da shi ya yaye ƙyallen, ga wani baƙin allo mai sheƙi an manna a saman dutsen da rubutun ruwan zinariya. Na tambayi ta kusa da ni abin da aka rubuta. Sunan Keziya ne.

Ke kin sani, ni na sani. Keziya ta zo Kaduna coci yana da kwano a kansa. Mace ce mai kirki, ban taɓa faɗa da ita ba, ita ta ba ni zanen goyo da na haifi autana. Amma ko tsakuwa ba ta ɗauka ba, ba ta nan.

Da a nan ya tsaya, da na haɗiye.

Da aka dawo aka zauna, ya ce saura mace ta biyu, mai ɗoki marar kai. Ya ce akwai wata tsohuwa, ba zai faɗi suna ba. Ya ɗauki tawul ɗin share zufa ya ɗaura a ka kamar ɗankwali. Ya ce tsohuwar nan ba ta san ranakun Allah ba sai ta ji lasifikan masallaci. Aka fara dariya. Sai ya karkace, ya dafa kwankwaso, ya fara jan ƙafar hagu daga wannan gefen bagadi zuwa wancan. Daidai yadda nake yi, Tabita. Har ɗan tsayawar nan da nake yi in ja numfashi. Ashe duk zaman da ya yi a ɗakina yana kallona. Ya je ya buga teburin wa'azi kamar ƙofa, ya maƙale murya ya ce a buɗe, a buɗe, na zo sujada. Ya juya ya zama mai gadi ya ce Mama, yau Asabar.

Coci ya kwashe. Ban taɓa jin dariya irin wannan a gidan Allah ba. 'Yan kwaya, mawaƙan coci, suna faɗawa a jikin juna. Manyan baƙi suna share hawaye. Matan da na yi wa wankan jego suna dukan cinya. Bai faɗi suna ba, gaskiya ne. Amma mutum nawa ne suke jan ƙafar hagu a cocin nan? Kawuna suka yi ta juyowa layi na uku.

Ni ma na buɗe baki kamar ina dariya, don ban san inda zan ajiye fuskata ba.

Ya rufe da cewa kowa ya zaɓa, ko ya zama mai ɗaukar dutse ko mai buga ƙofa ran Asabar. Aka ce amin da ƙarfi. Ba wanda ya tambaya me ya sa matar dutse ta faɗi a layin dogo amma ta Asabar ce take ɗingishi.

An raba shinkafa da lemo. Na kawo nawa na ba jikokin Hafsat. Zanen yana nan a ƙasan akwati.

Ki gaida gida. Na gaji.

Rifkatu


Kakuri, Kaduna

Tabita 'yar'uwata,

Ina gaisuwa. Yaya ƙarfin jiki, yaya ruwa a wajenku? A nan ya yi yawa, kwata ta cika har tsakar gida. Ki gaida Favour, na gode mata da karatu.

Na je na ga Fasto a ofishinsa. Na daɗe a benci kafin a ce in shiga. Ya tashi ya tarbe ni, Mama, Mama, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi. Na ce masa ɗana, ina ganin an samu kuskure wajen suna. Ya yi murmushi ya ce ba kuskure ba ne. Wai misali ba tarihi ba ne, darasin ake so, sunan da ke kai ba komai ba ne. Wai mutum ɗaya ba zai zama misalin kirki da na wauta a wa'azi ɗaya ba, mutane za su rikice, dole a raba. Na ce to me ya sa bai ba Keziya Asabar ya bar mini dutsena ba? Ya ce haba Mama, ai ba a yi wa mamaci dariya.

Ya ce ladana yana sama, Allah ya san wanda ya ɗauka. Ya ce in yi murna, rayuka da yawa sun amfana, ran nan kaɗai matasa sun cika takardar aikin sa kai. Ya ce neman suna jaraba ce, tsoho ya kamata ya fi kowa sanin haka. Har ya riƙe hannuna ya yi mini addu'a Allah ya cire mini girman kai. Na ce amin. To me zan ce, addu'a ce.

Na yi ta tunani ko gaskiyarsa ne. Shekara da shekaru ban nemi kowa ya san zancen dutsen nan ba. Shi ya zo ɗakina ya tono. Da ba a faɗa ba sam, da ban damu ba. Amma a ɗauke mini faɗuwar a bar mini ɗingishin, wannan ne ya tsaya mini a wuya.

Yanzu sunana ya canja. Kaka Asabar. Yaran makarantar Lahadi suna bina a baya suna jan ƙafa, in na juya su watse. Mai gadi in ya hango ni sai ya ɗaga murya ya ce yau daidai ne Mama, shigo. Ba da mugunta yake yi ba, shi ne ma abin. A kasuwar Kakuri, Uzoamaka mai kayan miya, wadda ba cocinmu take zuwa ba, ta tambaye ni ko na san yau wace rana. Wai an sa wa'azin a waya, kowa yana gani.

Na tare Isaac a wajen motarsa. Ya durƙusa ya gaishe ni, yaro ne mai ladabi. Na ce masa uwarsa mutuniyar kirki ce amma dutsen nan ba ita ba ce. Ya dube ni da tausayi. Ya ce shi da kansa yanzu yana tuna gammon, wai ja ne, tana ajiye shi a bayan ƙofa. Tabita, ɗankwalinki shuɗi ne, kuma lokacin ba a ko haife shi ba. Ba ƙarya yake yi ba, ya yarda ne har zuciyarsa. Washegari ya aiko mini da man zafi na kwankwaso.

Na kai magana gaban dattawa. Suka saurara, wasu suna kallon ƙasa. Suka ce duk waɗanda aka yi aikin da su sun rasu ko sun koma gida tun da masaƙa ta rufe, kuma tsufa yana sa mutum ya ɗauki labarin wani ya zama nasa. Suka ce in akwai mutum ɗaya da ya gani da idonsa, in kawo shi, za su gyara kafin a kai littafin wurin bugawa.

Mutum ɗaya, Tabita. Ke ce. Na bi su a kaina ɗaya bayan ɗaya, duk suna ƙasa, saura ni da ke.

Ba sai kin yi dogon bayani ba. Friday ya ce zai ba ki gidan gaba, ya kawo ki har ƙofa. Ki tsaya gabansu ki ɗaga yatsan nan ki ce ni na naɗa mata gammo. In jiki ba zai bari ba, Favour ta ɗauki muryarki a waya. Allon ma su bar shi, ba ruwana da allo, kada a ɓata wa Isaac rai. A littafin kawai nake so a gyara, don shi zai yi yawo bayan ba mu.

Ki yi sauri don Allah. Ban taɓa roƙonki abu irin wannan ba.

Taki mai jira,
Rifkatu


Kakuri, Kaduna

Zuwa ga Tabita, ta hannun Favour,

Gaisuwa a cikin sunan Yesu. Yaya jikin Mama, tana cin abinci? Yaya ku da kuke fama? Ubangiji ya ba ku lada.

Favour 'yata, Friday ya kawo saƙonki. Na gode da ba ki ɓoye mini ba. Da kin faɗa tun takardar farko, amma na gane, kin ce kina jira ko za ta dawo hayyacinta. Ban san abin ya kai haka ba. Ya ce ko ɗanta wani lokaci tana kiransa da sunan mijinta. Ya ce kin karanta mata takarduna duka, kin yi ta maimaita Rifkatu, Rifkatu ta Kakuri, ta ce ita ba ta san wata Rifkatu ba, a ba ta kunu.

Duk da haka ki karanta mata wannan. Da ita na saba magana.

Tabita, littafin ya fito. Dattawa sun jira ni har inda suka iya, ban kawo kowa ba. Hafsat ta karanta mini. Labarin dutse shi ne na farko, da hoton Keziya. Na Asabar yana bin sa. An ƙara masa gishiri, wai tsohuwar har ta yi wa mai gadi faɗa. Ban yi ba.

Friday ya ce littafin ya riga shi isa wajenku, mai bisharar ƙauyenku ya yi wa'azi da shi. Ya ce an kai ki coci ranar, an zaunar da ke kusa da lasifika don ki ji. Wai da ana labarin dutse kina ta wasa da bakin zanenki. Da mai bishara ya fara jan ƙafa yana buga ƙofa, sai kika fashe da dariya, kika yi ta tafi, har aka ji daɗi aka ce yau Mama ta warware. Bai so ya gaya mini ba, ni na matsa.

Ban yi fushi ba. Ke dama akwai son dariya. Da kina da hankalinki ma da kin yi, sai dai bayan kin gama da kin tashi kin ci musu mutunci.

Yanzu ba na sammako. Ido yana buɗewa da asuba kamar kullum, ƙafafun nan ba su san an yi wa'azi a kansu ba, sai su fara neman takalmi. Sai in zauna a bakin gado da shirina in jira. In na ji an fara waƙa, sannan in tashi. Ina shiga ta ƙaramar ƙofar gefe in zauna a baya, kusa da masu goyo. Ba na bi ta wajen dutsen. Tsintsiyar na ba Hafsat. Ran Lahadin da ta wuce Fasto ya ce abin baƙin ciki ne yadda ɗokin wasu iyayenmu ya yi sanyi, su da ya kamata su zama abin koyi. Wannan karon ba wanda ya juyo.

Fasto ya aiko a gaya mini zai zo da wayarsa, wai kashi na biyu a kan gafara ne, kuma ya san ina da labari. Na ce Hafsat ta ce masa ina barci.

Favour, abu ɗaya nake roƙo. In kina yi mata wanka, ki kama hannunta na hagu ki duba babban yatsan. Za ki ga ba farce, wurin ya shafe kamar an goge. Ba sai kin gaya wa kowa ba, ba sai kin ɗauki hoto ba, an riga an buga littafi. Ki duba kawai, ki aiko Friday ya ce mini kin gani.

Ki shafa mata kai ki ce wata tsohuwa tana gaishe ta.

Ni ce,
Rifkatu matar Ishaya